Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Raya Garuruwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya ta mazauni ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako filin nan zai kawo tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansu. Yawancin mutane sun san shi da jarunta a fagen fama da kuma yawan wallafa littattafai. Amma akwai wani aiki nasa wanda ya cinye mafi yawan shekarun mulkinsa, watau zaunar da mutanen da yaƙi ya tarwatsa, da kafa musu garuruwan da za su iya ginawa da hannunsu, su kuma riƙe su da guminsu. Wannan ɓangare na rayuwarsa ya cancanci a dube shi da kyau a yau, musamman a ƙasar Zamfara, inda dubban bayin Allah suka rasa matsuguni.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781 ta Miladiyya. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗagel, ƙaramin gari na malamai a ƙasar Gobir, inda gidajen almajirai suke kewaye da gidan Shehu. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa, sa'an nan ya lazimci baffansa Malam Abdullahi, wanda ya karantar da shi Larabci da nahawu da balaga da sauran fannoni. Tun yana saurayi aka san shi da kaifin basira da son bincike, har ya zama yana rubuta wa Shehu wasiƙu, yana kuma kai saƙonsa wurare masu nisa.

Zaman Ɗagel shi ne makarantarsa ta farko a kan sha'anin zaman jama'a. A can ya ga Fulani da Hausawa da Abzinawa suna zaune wuri ɗaya, ba dangantaka ta tara su ba sai neman ilmi, kowane baƙo ya zo a nuna masa inda zai kafa bukkarsa, almajirai 'yan'uwansa su taya shi.

Shekarun rashin matsuguni

A watan Fabrairu na 1804, sa'ad da zama ya gagara tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Bello yana da shekara 22 da 'yan watanni a lokacin. Daga wannan rana har shekara 5 Jama'a ba su sami tabbataccen wurin zama ba. Sun yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, amma kafin shekarar ta ƙare sun sha wuya a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Yunwa ta kore su zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara a farkon 1805, daga nan suka koma Gwandu. Mata da yara da tsofaffi suna biye da runduna duk inda ta nufa, ba gona, ba rumbu, ba ɗakin da za a ce na wane ne. Cuta da yunwa suka yi ɓarna ƙwarai a cikinsu.

Bello da kansa ya ba da labarin waɗannan shekaru a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Wanda duk ya karanta shi zai gane cewa mutumin nan ya san ciwon gudun hijira a jikinsa. Ya ga yadda karatu yake tsayawa idan malami ba shi da zaure, ya ga yadda tarbiyya take lalacewa idan iyali ba su da shinge, ya kuma ga yadda mayaƙin da ba shi da gona yake karkata ga ganima. Abin da ya yi bayan ya sami iko ya samo asali ne daga wannan gani.

Kafa Sakkwato

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a watan Oktoba na 1808. A shekarar da ta biyo, watau 1809, Bello ya zaɓi wani tudu kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya kafa gari a kai. Zaɓen wurin kansa darasi ne. Tudun yana da tsaro kuma ambaliya ba ta hawansa, ga ruwa a gindinsa rani da damina, ga fadama mai faɗi ta noma da kiwo, ga ƙasar gini a ko'ina. Shehu ya zauna a Sifawa, Bello kuwa ya duƙufa ga aikin sabon garin. A 1812 Shehu ya raba hidimar ƙasa biyu, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A 1815 Shehu ya ƙaura zuwa Sakkwato, ya sauka a sabuwar unguwar da aka ƙara wa garin ta wajen yamma, wadda ake kira Sabon Birni, inda Hubbarensa yake har yanzu.

Wannan tsari yana da asali a tarihin Musulunci. A zamanin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, a shekara ta 17 ta Hijira, aka kafa birnin Kufa a ƙasar Iraƙi. Masallaci aka fara shatawa, sa'an nan aka fid da hanyoyi, aka yanka wa kowace ƙabila yankinta, ita kuma ta rarraba wa mutanenta, kowa ya gina nasa. Da farko da kara suka yi ɗakunansu, da gobara ta cinye sai aka yi musu izini su yi gini da tubali. Hukuma ta riƙe abin da yake na kowa da kowa, ta bar wa jama'a abin da yake na gida da unguwa.

Haka Sakkwato ta tashi. Shugaba ya shata masallaci da kasuwa da ganuwa da ƙofofi, ya ba kowane jagoran jama'a fili, shi kuma ya zaunar da mutanensa. Sunayen unguwannin tsohon garin suna ba da shaida har gobe. Akwai na masu sana'a, irin su Takalmawa da Siriddawa da Marina da Majema. Akwai na asali, irin su Gobirawa da Nufawa. Akwai kuma na gidajen ilmi da hukunci, irin su Gidadawa da Alƙanci. Gobirawan da aka gwabza da sarakunansu jiya, ga su da unguwa a cikin ganuwa ɗaya da waɗanda suka yi hijira.

Ginin kuma bai fi ƙarfin talaka ba, domin kayansa duka a ƙasar suke. Ana haƙo ƙasa a bayan gari ko a gefen unguwa, a kwaɓa da ciyawa, a yi tubali a shanya a rana. Ana samun azara daga giginya, ana samun makuba daga ɗorawa don yaɓe. Wanda ba shi da halin soro sai ya yi ɗakin jinka, ya kewaye gidansa da darni, in Allah ya hore masa daga baya ya ta da katanga. Al'adar ƙasar Hausa kuwa ita ce a yi irin wannan aiki da gayya, maƙwabta su taru su ɗaga wa ɗayansu ɗaki a yini guda, shi kuma ya ciyar da su. Haka ma gyaran ganuwa bayan damina, kowace unguwa da nata rabon.

Hawansa mulki

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai daɗe da hawa ba ƙasa ta yamutse. Malam Abdussalami, wanda yake ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, ya yi tawaye a Kware, aka yaƙe shi, ya fita da rauni ya tafi Bakura, can ya rasu a farkon 1818. Garuruwa da yawa na Zamfara da Gobir da Kabi suka juya baya. Sarkin Musulmi ya yi ta fita yaƙi shekara da shekaru, amma ya lura da wani abu: runduna takan ci gari yau, ta juya gida, gobe a wayi gari an sake kone ƙauyukan da ke kan iyaka. Sai ya tabbata a ransa cewa ƙasar da ba kowa a cikinta ba ta tsaruwa, mazauna ne suke tsare ta.

Daga nan ya ɗauki hanyar ribaɗi. Ribaɗi a harshen malamai shi ne zama a bakin iyaka don tsaron Musulmi, kuma aiki ne mai lada babba. Bello ya yi rubutu a kan falalarsa, sa'an nan ya mai da shi tsarin raya ƙasa. Aka kafa ko aka ƙarfafa garuruwa masu ganuwa a kewayen Sakkwato, irin su Kware da Gandi da Shinaka da Lajinge da Bakura, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, don kada a ce ya tura 'ya'yan wasu bakin daga ya ɓoye nasa. Shi kansa ya bar jin daɗin babban birni ya koma ribaɗin Wurno a bakin Gulbin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato, ya yi ƙarshen rayuwarsa a can.

Kowane ribaɗi cikakken gari ne. A ciki akwai masallaci da limami, da malamin da zai karantar da yara, da alƙali, da kasuwa, da rijiyoyi. A waje akwai gonaki da makiyaya. Mutumin da ya zauna a ciki manomi ne da damina, mai sana'a da rani, mai tsaron ganuwa ranar da aka buga kuge.

Abin da ya ɗora wa shugaba

Sarkin Katsina Umaru Dallaji ya nemi Bello ya rubuta masa nasiha a kan mulki, sai ya rubuta masa ɗan littafin nan Usulus Siyasa, mai ƙunshe da ginshiƙai 7. A cikinsu ya bayyana cewa wajibi ne shugaba ya tanadar wa jama'arsa abin da zai gyara musu duniyarsu da addininsu. Ya kula da masu sana'a waɗanda mutane ba su iya rayuwa sai da su, kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya kuma rarraba su a kowane gari gwargwadon bukatarsa. Ya kwaɗaitar da mutane ga noma abinci da adana shi, ya hana ƙauyuka zama kufai, ya gina ganuwa da gadoji, ya kula da kasuwanni da hanyoyi.

Mai karatu zai lura cewa a wannan lissafi ba a ɗora wa sarki gina wa kowa ɗaki ba. Abin da aka ɗora masa shi ne fili da ruwa da hanya da tsaro da abin yi. Idan waɗannan suka samu, ɗaki yakan zo da kansa, don mai sana'a ba ya kwana a waje. Saboda haka ne ma ya wallafa Tanbihus Sahibi a kan hukunce-hukuncen neman halali, inda ya yabi cin gumi ya ƙi zaman banza. Masu tarihinsa sun ambata cewa shi kansa daga abin da ya nema da hannunsa yake ci, yana ƙyamar taɓa baitulmali don bukatar gidansa.

Game da rabon fili da zaman maƙwabtaka kuwa, alƙalansa suna da madogara a fiƙihun Malikiyya. Wanda ya raya mataccen wuri, ya sare daji ko ya haƙa rijiya ko ya yi gini, wurin ya zama nasa, sai dai in yana kusa da gari a nemi izinin shugaba. Malam Abdullahi ya wallafa littafi sukutum a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi. Kowace rijiya tana da huruminta, kowane gari yana da makiyayarsa wadda ba mai ikon shingewa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajirai suke karantawa a zaure har yau, ya hana mutum ya buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, ko ya yi ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi. Da irin waɗannan ƙa'idodi unguwa takan tsara kanta, mai unguwa da dattawa su sasanta, abin da ya gagare su ya je gaban alƙali.

Makiyaya da baƙi

Babbar matsalar da ta fuskance shi ita ce ta makiyaya, domin mai bin shanu daji ba ya samun jam'i, 'ya'yansa ba sa samun karatu, kuma rikici tsakaninsa da manomi ba ya ƙarewa. Bello bai kore su ba, bai kuma ƙwace dabbobinsu ba. Ya jawo hankalin Fulanin daji su zauna a garuruwa, ya ba su filin noma, ya tura musu malamai, ya kwaɗaitar da su ga kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, waɗanda ake iya riƙewa kusa da gari. Irin wannan shawara ya ba Muhammadu Jailani, jagoran wasu Abzinawa, a wata amsa da ya rubuta masa a kan zaunar da mutanensa. Ya kuma ƙarfafa noman rani da jigo a fadamu, da noman rake da yin mazarƙwaila, don mazauna su sami abin yi bayan kaka.

Tarihi bai ɓoye ba cewa a cikin waɗanda suka haƙa ramuka suka ɗauki tubali a garuruwan nan akwai bayi masu yawa, kamammun yaƙi, waɗanda ba da son ransu suka zo ba. Wasunsu sun sami gidajen kansu da sana'a, an kuma 'yanta wasu, jikokinsu suka zama 'yan gari. Wannan hali ne na wancan zamani, ya wuce, kuma ba ya cikin abin koyi.

Shaidar baƙo

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kyaftin Clapperton ya iso Sakkwato. Ya rubuta cewa bai ga garin da ya kai ta yawan jama'a ba a duk inda ya ratsa a tsakiyar Afirka. Ya ce gidajenta a jere suke bisa tituna, ganuwarta tana da tsayin ƙafa 20 zuwa 30, da ƙofofi 12 waɗanda ake rufewa da faɗuwar rana, ga kasuwa mai faɗi a tsakiya. Garin kuwa shekararsa 15 kacal da kafuwa. Ya tarar Waziri Gidado ɗan Laima yana gina sabon masallaci da dukiyarsa, babban maginin kuwa Bazamfare ne, wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya koyo fasahar gini, ya bar masa takardunsa gado. Bello ya yi ta yi wa baƙon tambayoyi a kan ilmin taurari da labarin ƙasashe, ya kuma nemi a aiko masa da likita. Da Baturen ya komo a 1826 ya kawo masa littafin Iƙlidis na lissafin awo da Larabci. Bello kansa ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido, saboda lafiyar mazauna tana cikin raya gari.

Rasuwarsa

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa suka haɗa kai suka taso, Sarkin Musulmi ya tare su a Gawakuke ya yi nasara. Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, watau Oktoba na 1837, bayan shekara 20 a kan mulki, aka rufe shi a can. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Sakkwato da Wurno da Kware da Gandi da Bakura duk suna nan da mutanensu, kusan shekara 200 bayan rasuwarsa.

Abin lura ga mutanen yau

Gulbin Sakkwato, wanda Bello ya kafa birninsa a bakinsa, shi ne ya ratso ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, inda garuruwa irin su Dosara suke. A kan wannan gulbi aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka gama ta a 1978. Manufar aikin mai kyau ce, watau noman rani. Amma an tashi dubban mutane daga garuruwansu da fadamunsu, aka mai da su sababbin matsugunan da aka zana a ofis ba tare da an saurare su ba, a kan tudun da bai kai ƙasarsu ta da albarka ba, maganar diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka da yawa. Wanda ya gwada wannan da yadda aka zaɓi tudun Sakkwato zai ga inda aka saɓa: can an fara duba ruwa da gona da sana'ar mai zama kafin a aza tubali, nan kuwa an gina ɗaki an manta da abin da mai ɗakin zai ci.

Ga shi kuma shekara fiye da 10 ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyuka a Jihar Zamfara da maƙwabtanta. Mutanen da jiya suke da rumbuna sun koma kwana a makarantu da kangaye da tashoshin mota a Gusau da Anka da Talata Mafara. Ko ba jima ko ba daɗe tilas a zaunar da su, ko a kufansu ko a sabon wuri, kuma yadda za a yi wannan shi ne zai nuna ko zaman zai ɗore.

Tarihin Muhammadu Bello ya nuna hanya. Hukuma ta ba da fili kyauta ko da sauƙi, kusa da ruwa da gona, ta fid da hanyoyi da magudanai, ta keɓe wurin masallaci da makaranta da kasuwa da asibiti da maƙabarta, ta tsare rayuka. A zauna da dattawan mutanen da matansu da samarinsu tun kafin a ja igiya, su faɗi wanda suke son maƙwabtaka da shi da inda ya dace ƙofa ta duba. A bar su su yi gini da ƙasarsu da maginansu da gayyarsu, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ana taimaka wa gwauruwa da maraya da gajiyayye daga zakka da waƙafi. A bar wa makiyayi burtalinsa da mashayarsa, a kuma ba shi fegi a cikin gari kamar kowa, don ɗansa da ɗan manomi su zauna a kan tabarma ɗaya gaban malami ɗaya. Attajirai kuma su tuna da Waziri Gidado, malamai su tuna cewa babin maƙwabtaka da ke cikin Risala an rubuta shi ne don a yi aiki da shi.

Allah ya ji ƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alheri. Allah ya mai da waɗanda suka rasa gidajensu zuwa matsuguni na aminci, ya ba shugabanni ikon riƙe amanar da aka ɗora musu, amin.